Wane kifin anjel ne zai zauna lafiya da murjanin tankina?

Tambaya: Ina da tankin ruwan gishiri mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60, kuma ya shekara guda da kafawa. A ciki akwai murjani irin su Acropora, Euphyllia, zoanthid, Trachyphyllia guda biyu da kumbar teku ta Tridacna guda ɗaya. Mai sayar da kifi ya ce mini jan anjel ɗin nan da ake kira Flame ba ya cin murjani. In saya, ko akwai wanda ya fi shi aminci?

Amsa: Malam, da wannan Tridacna da Trachyphyllia biyun da ka lissafa, ban ba ka shawarar sayen Flame ba. Mai sayar da kifin bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba, domin akwai Flame da yawa da suka shekara cikin murjani ba su yi ɓarna ba. Abin da bai faɗa maka ba shi ne, akwai wasu da yawa da suka yi, kuma babu wata alama a jikin kifin da za ta nuna maka wanne ka ɗauko. Cikin dangin anjel na teku, wato Pomacanthidae, masu nau'i sama da 80, zuriya ɗaya ce kawai za a iya cewa ta aminta da murjani ba tare da an yi ƙwauron baki ba, ita ce Genicanthus. Tankinka, mai ɗaukar lita 540 kafin a zuba duwatsu, ya isa ya riƙe ta.

Kafin mu je can, a raba abu biyu da kan rikita sabon shiga. Anjel ɗin ruwan daɗi mai dogayen fikafikai da ake gani a shagunan kifin ado, ɗan asalin kogin Amazon, ba shi da dangantaka da wannan, suna kawai suka haɗa. Na teku ana gane shi da wata ƙaya mai ƙarfi da ke kuncinsa, a ƙasan marfin da yake numfashi ta ciki. Ka riƙe zancen ƙayar nan, za mu dawo kanta.

Dalilin da ya sa amsar take a wurin Genicanthus yana bakin kifin ne. Kusan duk sauran anjel a jikin dutse suke kiwo. Tun safe har faɗuwar rana suna bin duwatsu suna tsattsaga, suna ɗanɗana duk abin da ya manne a jiki: gansakuka, soson teku, ƙananan tsutsotsi, tarkacen da ya kwanta. Kifin da haka aka halicce shi, in ka sa masa murjani mai tsoka a gabansa, zai kai masa baki ko da sau ɗaya ne, don ya ji ko abinci ne. Genicanthus kuwa a tsakiyar ruwa yake kiwo. Yakan tashi sama da dutse, ya fuskanci inda ruwa ke tahowa, yana cafke ƙananan halittun da igiyar ruwa ke kawowa. Bakinsa ƙarami ne, wutsiyarsa mai reshe biyu kamar ta tsattsewa, jikinsa na mai yawo ne a fili. Idonsa ba ya kan dutse, saboda haka murjaninka ba ya cikin lissafinsa. Akan samu ɗaya-ɗaya da yunwa ta sa ya tsattsagi murjani mai laushi irin Xenia, amma abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma ƙarin abinci yakan kashe maganar.

Nau'in Genicanthus goma ne, amma biyar zuwa shida ne ke zuwa kasuwa. Wanda ya fi juriya, ya fi araha, shi ne Genicanthus lamarck, fari mai ratsin baƙi a kwance. Yana kaiwa santimita 23 zuwa 25, saboda haka a tankinka guda ɗaya ko biyu ne iyaka, kuma in ya girma yakan kori ƙananan kifayen da ke cin abinci a tsakiyar ruwa irin nasa. Genicanthus melanospilos yana tsayawa wajen santimita 18. Macen rawaya ce a sama, shuɗi-shuɗi a ƙasa, namijin kuwa ratsi-ratsi ne a tsaye da baƙin tabo a ƙirji. A ganina shi ne ya fi dacewa da kai: yana karɓar abinci da wuri, launinsa yana fita a ƙarƙashin fitilar murjani, girmansa kuma bai wuce kima ba. Genicanthus watanabei ya fi su ƙanƙanta, wajen santimita 15, shuɗi mai kyau, sai dai daga zurfi yake fitowa kuma ya fi su laushi. Haka Genicanthus bellus, wanda macensa ta fi namijin ado, ga tsada. Akwai kuma Genicanthus caudovittatus na Bahar Maliya da gabashin Afirka, wanda namijinsa ke da zane irin na jakin dawa. Shi ma zaɓi ne mai kyau in an same shi da lafiya.

Duk kifayen nan a mace suke farawa. In babu namiji a garke, macen da ta fi girma da ƙarfi ita ce ke rikiɗa ta zama namiji, launinta ya canza cikin 'yan makonni. Wannan ya sauƙaƙa maka saye ƙwarai. Ka ɗauki mata biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya girma a fili, misali santimita 9 da santimita 6, ka sa su rana ɗaya. In lokaci ya yi babbar za ta juya da kanta. Mata sun fi araha, sun fi jure wahalar tafiya, kuma ƙananan kifaye sun fi saurin sabawa da abincin tanki. Maza biyu na nau'i ɗaya kuwa kada ka haɗa su, faɗa za su yi har ɗaya ya daina fitowa cin abinci. Wani abin da kan ba mutane mamaki: namijin da aka saya da tsada aka ajiye shi kaɗai, launinsa na iya komawa na mace. Ba cuta ba ce.

Babbar matsalar Genicanthus ba a tankinka take ba, a wurin kamu take. Da yawansu daga zurfin mita 30, 50 ko fiye ake ɗauko su. A cikin kifi akwai jakar iska da ke daidaita masa tsayuwa a ruwa. In mai kamun ya hau da shi sama da gaggawa, iskar ta kumbura, jakar ta lalace. Wasu masu kamun sukan soke jakar da allura su sace iskar, in allurar ba ta da tsabta sai wurin ya ruɓe daga ciki bayan mako biyu ko uku. Saboda haka kada ka yi cinikin kifi a ruwa, tsaya a gaban tankin shagon na minti goma aƙalla. Lafiyayye yana tsayawa daidai a tsakiyar ruwa ba tare da wahala ba. Wanda ya ji rauni za ka gan shi kai a ƙasa wutsiya a sama, yana ta kaɗa fikafikai don kada ruwa ya ɗaga shi, ko ya maƙale a ƙarƙashin dutse don ya tokare bayansa. Ciki a kumbure, ido a fiffito, ko jan tabo a gefen ciki, duk alamun a bar shi ne. Sa mai shagon ya zuba abinci a gabanka. Wanda bai ci ba, ka ce a ajiye maka shi mako guda ka dawo, in an ƙi ka haƙura.

A gida kuma abu uku yake nema. Na farko murfi, domin kifi ne mai tsalle in ya firgita. Raga mai ido kamar milimita 6 ta fi gilashi, saboda gilashi yana tare zafi yana rage haske. Na biyu fili: ka ja duwatsu baya, ka bar masa hanya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, da kogo ɗaya ko biyu masu inuwa, tunda daga wuri mai duhu-duhu ya fito kuma hasken da Acropora ke so yana da ƙarfi a idonsa a makon farko. Na uku abinci kaɗan-kaɗan sau uku zuwa huɗu a rana, wanda zai ƙare cikin minti ɗaya ko biyu: daskararren mysis da artemia (ƙananan halittun ruwa ne masu kama da jatan lande), artemiar wadda aka ƙara wa sinadarin gina jiki, yankakken jatan lande, da ƙwayoyin abinci ƙanana kamar milimita ɗaya in ya saba. Zuba abincin a gaban famfon da ke kaɗa ruwa, don ya taho masa yana motsi kamar yadda ya sani.

To, mu dawo kan Flame da 'yan uwansa ƙananan anjel, zuriyar Centropyge, tunda shi ne ya shiga ranka. Abincinsu a teku gansakuka ce da tarkace, ba murjani ba, shi ya sa ake cewa ba su ci. Abin da ke jan su shi ne yauƙin da murjani ke fitarwa a fatarsa, mai maiƙo da ɗanɗano, wanda ƙananan abinci ke mannewa a kai. Kifin yakan zo ya tsotsi yauƙin, wani lokaci ko tsoka ba ya cirewa. Sai mai tanki ya ce ai ba ya cizo, lasa kawai yake yi. Ɓarnar kuwa a lasar take. Duk sanda aka taɓa Trachyphyllia sai ya tsuke jikinsa. In ana taɓa shi sau hamsin a yini, ba zai buɗe ba sam. A cikin tsokar murjani akwai wata gansakuka mai ƙanƙanta da ido ba ya gani, ita ke karɓar haske tana samar masa da mafi yawan abincinsa. Murjanin da ya wuni a tsuke yunwa yake kwana da ita. Sannan ƙashinsa yana da kaifi-kaifi, tsokar da ta daɗe a manne da shi takan huje, ƙwayoyin cuta su shiga, ka wayi gari ka ga wani yauƙi mai ruwan ƙasa ya lulluɓe shi. Tridacna ma haka take: leɓenta mai launi da take shimfiɗawa a waje shi ne gonarta. In ta riƙa janye shi saboda tsoro, cikin 'yan makonni za ta rame ta mutu, kuma mutuwar babbar kumba a cikin tanki tana iya ɓata ruwan gaba ɗaya cikin dare ɗaya.

Su ma Centropyge ba ɗaya suke ba. Waɗanda aka fi samun zaman lafiya da su sun haɗa da Centropyge bispinosa, wanda 'yan kasuwa ke rubutawa Coral Beauty, da 'yan ƙananan nan da ke tsayawa wajen santimita 8: Centropyge argi na tekun Karibiyan, Centropyge acanthops na gaɓar gabashin Afirka, da Centropyge fisheri. Ƙanƙantarsu ta sa ɓarnarsu ba ta da yawa, sai dai kada girman ya ruɗe ka, argi da acanthops suna da zafin rai, a ƙaramin tanki sukan addabi kifin da ya ninka su. Flame, wato Centropyge loriculus, yana tsakiya. Waɗanda suka yi ƙaurin suna kuwa su ne rawayan nan Centropyge flavissima da ake kira Lemonpeel, da Centropyge bicolor mai rabi rawaya rabi shuɗi, da Centropyge eibli. Waɗannan ko kusa kada su shiga tanki mai murjani mai tsoka. Za ka ji mutane suna cewa kaza cikin ɗari na nau'i kaza ba sa ɓarna. Ƙiyasin baki ne daga abin da masu tanki suka gani, ba lissafin da za ka jingina dukiyarka a kai ba.

Abin da ya fi ba da takaici game da su shi ne canjin hali. Kifi ya yi wata takwas ko shekara lafiya lau, rana ɗaya ya gano kumbar. Sau da yawa akwai musabbabi: mai gida ya yi tafiyar kwana uku an rage abinci, ko an kawo sabon murjani da ya wahala a hanya yana zubar da yauƙi, ko gansakukar duwatsu ta ƙare saboda an tsananta tace ruwa. Da zarar ya ɗanɗana ya ji daɗi, da wuya ya bari ko ka cika masa ciki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, haka mai sayen Centropyge ya kamata ya shiga da sanin cewa wata rana zai iya zaɓa tsakanin kifin da wani murjanin.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi wane kifi muhimmanci, wato wane murjani. In aka jera kayan tankinka daga wanda ya fi haɗari, Tridacna ce a gaba, sai Trachyphyllia da duk ire-irensa masu kumburarriyar tsoka, irin su Scolymia, Acanthophyllia, Cynarina, Lobophyllia da Micromussa. Zoanthid na biye, ko da yake manyan anjel sun fi ƙanana son sa. Euphyllia yana da harbi a yatsunsa, shi ya sa yawanci ake ƙyale shi, amma ba kullum ba. Acropora babba mai rassa da yawa yana iya jure tsattsaga nan da can, abin da za ka rasa shi ne fitowar ƙananan yatsunsa da rana, ƙaramin yanki sabon dasawa kuwa yana iya tsayawa da girma. Waɗanda suka fi tsira su ne murjani masu kama da fata, Sarcophyton da Sinularia, saboda suna da sinadarai masu ɗaci a jikinsu, da masu kama da lema irin Discosoma. Da a ce tankinka na waɗannan ne da Acropora kawai, da na ce ka sayi Flame ɗinka ka more shi. Har yanzu ƙofar a buɗe take in za ka iya rabuwa da kumbar da Trachyphyllia biyun, ko ka mayar da su wani tanki.

Manyan anjel ba za mu daɗe a kansu ba. Binciken da Randall da Hartman suka wallafa a 1968 kan kifayen Karibiyan ya nuna soson teku ya haura kashi 95 cikin 100 na abincin Holacanthus, ya kuma haura kashi 70 na Pomacanthus. Kifi mai haƙoran yage soso ba zai ji wuyar yage murjani ba. Holacanthus ciliaris yana kaiwa santimita 45, Pomacanthus imperator wajen 40, haka Holacanthus africanus na gaɓar yammacin Afirka, daga Senegal har ruwan Gana da Sao Tome, shi ma ƙato ne. Ana sayar da su suna 'yan santimita 5 da kyakkyawan zane, shekara biyu ko uku sun cika tankin, kuma tankinka ya yi musu kaɗan ko babu murjani ko ɗaya. Biyu ne ƙwararru kan gwada a manyan tankunan Acropora: Pomacanthus navarchus da Pygoplites diacanthus, wanda ake kira Regal. Na biyun yana da wuyar ciyarwa, kuma na Bahar Maliya da tekun Indiya masu rawayan ƙirji sun fi na Fasifik masu tokar ƙirji rayuwa a tanki. Ko su ɗin, zoanthid da murjani mai tsoka ba su tsira ba.

In duk da haka zuciyarka ta tsaya kan Centropyge, ga yadda ake rage haɗarin. Nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gona. Tun farkon shekarun 2000 Frank Baensch ya fara renon Centropyge daga ƙwai a Hawai, yau kuma kamfanin Biota yana fitar da Coral Beauty na gona, Bali Aquarich a Indonesiya ma yana kiwon anjel iri-iri. Kifin da ya tashi kan ƙwayoyin abinci bai taɓa ganin murjani ba, ba ya zuwa da cututtukan teku da yawa, kuma ba a kama shi da gubar sayanayid ba, wadda har yanzu wasu masu kamu ke amfani da ita a ɓoye a Filifin da Indonesiya, kifin ya yi kyau a shago ya mutu bayan makonni. Amma gadon baki yana nan, na gona ma yana iya tsattsaga. Ɗauki guda ɗaya tak, ƙarami, ka sa shi a ƙarshen duk kifayenka. Duwatsun su kasance sun tsufa, sun yi gansakuka, shekarar da tankinka ya yi ta wadatar. Ciyar da shi sau uku, da abinci mai spirulina, wata gansakuka mai gina jiki, ka kuma maƙala ɗan yankin busasshen ganyen teku na nori, kamar faɗin akwatin ashana, kullum da safe, ka cire ragowar da yamma.

Ƙarin abinci yana da nasa farashin, domin nitiret da fosfet, sinadaran datti da ke taruwa a ruwa, za su hau. Riƙa aunawa duk mako: nitiret tsakanin 2 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1 a ma'aunin ppm (kashi cikin miliyan), gishiri 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na tare tsami, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH ba tare da hawa da sauka ba. Canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako, ka wanke kofin na'urar kumfa, wadda ke fitar da datti daga ruwan. Zafin ruwa 24 zuwa 26 a ma'aunin Selsiyos. In kana inda bazara ke kai zafi 40 da ɗoriya kuma wuta na yawan ɗaukewa, na'urar sanyaya ruwa da batirin da zai riƙe famfo ɗaya suna gaba da sayen kowane anjel, musamman watanabei da bellus da suka saba da ruwan zurfi mai sanyi. Ruwa mai zafi iskarsa kaɗan ce, famfo ya tsaya awa biyu ko uku kifin ya fara haki.

Ko wanne ka zaɓa, kada ya wuce daga leda zuwa babban tanki. Tanadi tankin killacewa na lita 75 zuwa 100, ba yashi ba dutse, sai guntayen bututun roba na ɓuya da matacin soso da ya daɗe a ruwan babban tankin. Kwana 30 ne mafi ƙaranci. Anjel suna yawan zuwa da wasu tsutsotsi masu faɗi da ke manne wa fata da ido. Tsoma shi minti biyar a ruwan daɗi wanda zafinsa da pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, suke daidai da na tankin, in suna nan za ka ga sun yi fari suna zubowa kamar riɗi. Maganinsu praziquantel, miligiram 2.5 a kowace lita, a maimaita bayan kwana 5 zuwa 7 saboda maganin ba ya kashe ƙwai. Cutar farin ɗigo da ta ƙura-ƙura kuwa maganin jan ƙarfe ake ba su, kuma a nan ake asarar Centropyge da yawa, domin ba su jure a zuba musu shi gaba ɗaya. A hau da shi a hankali cikin kwana biyar zuwa bakwai, ana aunawa kullum. Irin maganin da ake kira Cupramine ana tsayawa a 0.5 ppm, irin Copper Power kuwa 2 zuwa 2.5, kada a haɗa lissafin ɗaya da ɗaya. In kifin ya daina ci, a dakata da ƙari. Jan ƙarfe kuma ko ɗigo kada ya kusanci babban tanki, yana kashe murjani da kumba da jatan lande, yana kuma shiga cikin dutse ya zauna. Dalilin duk wannan wahalar ke nan: in cuta ta shiga tankin murjani ba a iya maganinta a ciki, sai an kwashe kifaye duka an bar shi babu kifi wajen kwana 76.

Ga inda ƙayar kuncin nan ta shigo. Kada ka kama anjel da ragar hannu. Ƙayar takan sarƙe, kifin ya yi ta fizga har ya ji ciwo a kunci, wurin ya kumbura. Kora shi cikin kofin roba mai haske ko leda. In ta riga ta sarƙe, mayar da ragar cikin ruwa ka bar shi ya kuɓuta, ko ka yanke zaren da almakashi, kada ka ja.

Ranar shigarwa, sa shi a akwatin roba mai huji-huji a cikin babban tankin na kwana uku zuwa bakwai, tsofaffin kifaye su gan shi su saba. Wata dabara kuma da ta fi kowace amfani ga mai Centropyge: tun daga ranar farko ka riƙa ba shi abinci a cikin tarkon kifi, wato akwati mai ƙofar zamewa, ka bar ƙofar a buɗe. Kifin da ya saba shiga tarko cin abinci, ranar da ka so fitar da shi minti biyar ya ishe ka. Wanda bai saba ba, Centropyge ya san kowane rami a duwatsunka fiye da kai, kuma mutane da yawa sai da suka rushe ginin duwatsun shekaru, suka karya rassan Acropora, kafin su kama kifi mai tsawon ɗan yatsa.

Sa ido kuma yana da yadda ake yi. In ka tsaya a gaban gilashi kifin zai bar abin da yake yi ya zo roƙon abinci, ba za ka ga komai ba. Zauna nesa, ko ka jingina waya ta ɗauki bidiyo na rabin awa ka fita daga ɗakin. Alamar da ta fi gaskiya ita ce murjanin da ke tsuke da rana ya kumbura da dare bayan kifin ya kwanta, ko kumbar da leɓenta ya daina zarce bakin ƙwaryarta, ko gefensa ya yi gatsa-gatsa. Amma kafin ka ɗora wa kifin laifi, haska tocila da dare. Wasu ƙananan dodon koɗi farare masu girman ƙwayar shinkafa sukan tsotsi Tridacna daga ƙasa, akwai tsutsotsi masu launin zoanthid da ke cinye shi, jatan lande ma yakan yage Trachyphyllia don ya ƙwace abincin da ka ba shi, kuma alkaliniti in ya yi tsalle duk murjani sukan tsuke. In ka tabbatar kifin ne, kifa kwandon roba mai huji a kan wanda ake ci, don ya samu ya buɗe, ka ƙara abinci na mako guda. In ka ɗage kwandon ya koma, fitar da kifin a ranar. Trachyphyllia da tsokarsa ba ta huje ba yakan dawo cikin mako biyu zuwa uku, musamman in kana sa masa mysis biyu ko uku a baki da dare sau biyu a mako.

Ga tankinka yadda yake a yau: mata biyu na Genicanthus melanospilos masu bambancin girma, waɗanda ka ga tsayuwarsu a ruwa da cin abincinsu da idonka, kwana 30 a killace, murfin raga a sama kafin su shiga.